Kakana Mai Laburare da Kwalin da Ban Duba Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin babana, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, cikin daminar nan, a nan Daura. Yau kwana goma sha shida ke nan. Malama, tsohuwar ɗalibarsa, ita ta ce in rubuta wani abu saboda waɗanda suka yi karatu a zaurensa amma ba su samu zuwa gaisuwa ba. Na ce mata ni iyakata sakandare, ban iya irin wannan rubutu ba. Ta ce in rubuta yadda zan faɗa da baki. To, ga shi.

Kafin a kai shi makwanci, ƙofar gidanmu ta cika maƙil. Abokan masallacinsa sun zo, dangi sun zo, wannan ba abin mamaki ba ne. Waɗanda suka sa 'yan unguwa leƙe su ne baƙin fuskoki: ma'aikatan asibiti da fararen rigunansu, masu kemis, ɗalibai rataye da jakunkuna. Wani ya taso daga Baure a babur, ruwa ya yi masa duka, ya iso jiƙe sharkaf. Ya ce shi wallahi bai taɓa sanin sunan Kaka na yanka ba, Baba Laburare kawai ya sani, da shi ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan. Wata mata mai goyo ta durƙusa gaban Inna, matar Kaka, tana hawaye tana dariya, ta ce sau biyu ya kore ta daga ɗakin karatu saboda cin gyaɗa a kan littafi.

Inna ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Ke sau biyu ma kawai? Ni tun ina amarya yake korata da kwanon tuwo daga wurin littattafansa."

Mata suka yi dariya.

Baffana, ƙanen babana, wanda ke fataucin shanu ta Mashi zuwa Nijar, ƙaton mutum ne, amma ranar sai da aka riƙe shi. Gwaggo kuwa, babbar 'yar Kaka da ke aure a Sandamu, ba wanda ya ga hawayenta. Ta gyara ɗaurin zani ta shiga madafa, tana ba da umarni tana faɗa, ita haka take kuka.

Ni kuma duk wadda ta shigo sai ta nemi ni. "Ina jikar nan da ta yi jinya?" A nuna ni. "Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan, kin kwashi lada." Ina cewa amin a baki kawai. Domin na san abin da ba su sani ba. Kwana taran ƙarshe na rayuwarsa ni nake ba shi magani da hannuna, kuma a cikin maganin akwai wani kwali da na ce masa na duba, alhali ban duba ba. Ina tsoron ko da hannuna a mutuwarsa. Kuma sauran maganin nan bai tsaya a gidanmu ba, ya tafi hannun wani mai rai.

Zan zo kan wannan. Bari in fara faɗar ko shi wane ne, don kada laifina ya rufe shi.

Fiye da rabin rayuwarsa ya yi yana kula da laburaren makarantar koyon aikin lafiya. Shi bai karanta famasi ba. Allura bai iya ba, jini ma in ya gani kau da kai yake yi. Amma ɗaliban haɗa magunguna sun fi kowa maƙale masa, saboda nasu karatun ya fi na kowa yawan sunaye. Magani ɗaya sai ka same shi da suna goma, kowane kamfani ya raɗa masa nasa. Sai Kaka ya sa kafinta ya yi masa wani akwati mai aljihu-aljihu, ya cika shi da ƙananan katuna. Kowane kati, a sama babban sunan da kamfani ya buga a kwali, a ƙasa sunan ainihin sinadarin da ke ciki, sai lambar shafin da za ka same shi a littafi. Ɗalibi in ya ga sabon kwali a kemis, dole ya zo ya rubuta kati ya ƙara. Kaka yakan ce, "Babban suna na mai sayarwa ne. Ku nemi ƙaramin, wanda suka tura ƙasa."

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada a yi masa ƙarya bayan ransa. In ka naɗe kusurwar shafi, mako guda ba zai ba ka aro ba. In ka lashi yatsa za ka juya takarda, daga can ƙarshen ɗaki za ka ji gyaran muryarsa.

Rigimarsa da Malama kowa ya san ta. Ɗalibarsa ce, a gabansa ta yi karatu, ta tafi jami'a ta dawo tana koyarwa a sashen famasi. Ita ta dage sai an sa kwamfutoci a laburare, don ɗalibai su riƙa ganin sababbin littattafai da mujallu ta intanet. Da aka amince, sai aka rasa wurin ajiye teburan, aka ce a kwashe tsofaffin littattafai na kantar baya. Ita da kanta ta ba ni labarin yadda suka yi. Ta ce ya tsaya a bakin ƙofa ya tokare hannu.

Ta ce, "Baba, wannan littafin ya girme ni. Akwai magunguna a cikinsa da aka daina ba mutane."

Ya ce, "Ni ma na girme ki. Sai a fitar da ni tare da su."

Ta ce, "Kai ai ba ka taɓa ce wa ɗalibi ya ba jariri abin da aka hana ba."

Ya nemo kura, ya yi ta jigilar littattafan zuwa gida, ya jera su a zaurenmu. Kusan shekara guda in ta gaishe shi, "lafiya" ɗaya yake ba ta, ba ƙari. Har wata rana wani ɗalibi ya kwafo amsa daga cikin littattafan nan ya faɗi jarrabawar gwaji, saboda maganin da ya rubuta an daɗe da janye shi. Ya zo ya nuna wa Kaka takardar. Inna ta ce ranar bai ci tuwon rana ba. Ya ɗauki jan biro ya bi littattafan ɗaya bayan ɗaya, a bayan kowanne ya rubuta shekarar da aka buga shi da manyan lambobi, yadda ko daga nesa za ka gani. Washegari ya sa babbar riga ya je ya tsaya a ƙofar ofishinta.

Ya ce, "Malama, na zo a koya mini na'urar nan taki."

Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da yatsa ɗaya yake danna haruffa, yana yi yana zagin wanda ya jera su ba bisa ƙa'ida ba.

Daga nan ya kafa dokarsa: a duba wuri biyu. Abin da ka gani a littafi, ka tambayi na'ura ko har yanzu haka yake. Abin da ka gani a na'ura, ka nemo shi a littafi. Da ya yi ritaya, zaurenmu ya zama ƙaramin laburare. Na makaranta ana rufe shi da la'asar, wani lokaci kuma ba wuta, kwamfutoci su zauna kamar akwatunan banza. Sai ɗalibai su gangaro gidanmu da wayoyinsu cike da littattafan da suka sauke, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da ake turawa a zaurukansu na waya. Ɗalibi zai karanto abu da ƙarfi yana jin daɗi, sai Kaka ya ce, "Wa ya rubuta?" Shiru. "Yaushe aka rubuta?" Shiru. Sai ya ce, "To, wannan gulma ce aka kunna wa fitila. Nemo mini wani."

Ya sa aka kafa masa ƙaramin sola a kan rufin zaure don cajin waya. Sharaɗinsa ɗaya ne. Duk wanda ya jona wayarsa, in ta cika sai ya zauna da wanda ba shi da babbar waya su karanta tare. Akwai wata ɗaliba daga wani ƙauyen Mashi, 'yar ƙaramar waya gare ta, ta kira kawai. Kunya ba ta barinta ta roƙi kowa. Saboda ita ya ƙirƙiro dokar, amma bai taɓa nuna ta ba, ita ma ba ta sani ba. Ni na sani don na ji yana gaya wa Inna.

Ni tun rasuwar babana a hannunsu na tashi. Da idonsa ya fara rauni, ina aji biyu na sakandare, ni na zama mai karanta masa katunan. Ina karantawa ina tuntuɓe da sunayen, yana gyara mini daga ka. In na mayar da littafi a gurbin da ba nasa ba, sai ya ce, "Ke dai na fasa aurenki. Matar da ba ta san wurin ajiye littafi ba, me za ta yi mini?"

In ce, "Wa ya ce ina son tsoho mai warin takarda?"

Ya ce, "Ji ta. Samarinki ma warin fetur suke yi."

A kan katunan nan na ji ina son aikin. Da takardar ɗaukata a makarantar ta fito bana, sashen famasi, sai da ya sa na karanta masa ita sau uku. Sannan ya linke ta ya sa a cikin akwatin katuna, a aljihun harafin farko na sunana. Ya ce nan ne kaɗai wurin da abu ba ya ɓata a gidan nan.

Yanzu ga abin da nake ta kewayawa.

Kaka ya daɗe da hawan jini. Daga asibiti ake ba shi ƙwayoyi a 'yar farar ambulan, an ja layi ɗaya da biro, wato guda ɗaya da safe. Sunan maganin da aka rubuta a jikin ambulan ɗin ba mai iya karanta shi. Cikakken sunan yana cikin katinsa na asibiti, shi kuma yana ƙasan akwatin Inna. Wata ranar Asabar Baffa ya dawo daga Nijar da wani kwali mai kyau, rubutun Faransanci. Ya ce na ƙarfin zuciya ne, wani abokin cinikinsa yana sha ya ji daɗinsa ƙwarai.

Ya ce, "Baba, wannan ba irin na ambulan ba ne. Dubi kwalin ma."

Kaka ya juya shi a hannu, ya kai shi kusa da ido, ya kasa gani. Ya miƙo mini ya ce, "Uwar ɗakina, duba mini."

Ranar ake kamun wata ƙawata. Na sha lalle, na yi kwalliya, ƙawaye suna jirana a waje suna ta kira. Na ɗauki hoton kwalin da waya, na rubuta babban sunan. Shafi ya buɗe da Faransanci. Na danna fassara, na ga an ce yana taimakon zuciya da hanyoyin jini. Nan na tsaya. Ban gangara ƙasa ba. Ban nemi ƙaramin sunan ba. Ban buɗe akwatin katuna ba, ga shi nan a gabana, taku biyu. Ban je na ce Inna ta ciro katin asibiti ba.

Ya ce, "Kin duba?"

Na ce, "Na duba."

Ya ce, "Wuri biyu?"

Na ce, "Wuri biyu, Kaka."

Ya ce, "To, in ke kin duba, ni wane ne?"

Mutumin da bai taɓa yarda da maganar ɗalibi ba sai ya ga shafi, ni ya yarda da ni da baki kawai. Daga washegari nake ba shi biyu kowace safiya, ɗaya daga ambulan, ɗaya daga kwali.

Bayan 'yan kwanaki ya fara cewa in ya miƙe ƙasa tana juya masa. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Inna ta ce sanyin damina ne. Shi ya ce tsufa ne. Ni na ji wani abu a zuciyata, na danne shi. Ranar Litinin da hantsi ya tashi zai yi alwalar walaha, sai muka ji faɗuwar buta, sannan tasa.

A asibiti likita ya auna shi, ya sake aunawa, ya ɗago ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai. Ya tambaya wane magani yake sha. Kowa ya juyo ya dube ni. Baffa yana tsaye, Inna tana riƙe da ƙafar gado. Na ce, "Na asibiti." Ban ƙara komai ba. Baffa kuwa, shi a ransa na kwali ba maganin hawan jini ba ne, ba shi ake tambaya ba.

Da la'asar Kaka ya farfaɗo kaɗan, ya gane ni. Na matso ina jiran ko zai tambaye ni. Abin da ya ce kawai, "Hadari ya haɗo. A rufe kantar gabas da leda, wurin yana yoyo." Bai sake magana ba, washegari da hantsi ya cika.

Ranar sadakar uku, Gwaggo tana shirin komawa Sandamu, sai na ga ta ɗauko ledar maganinsa daga kan taga. Mu nan in mutum ya rasu ya bar magani, ba a zubarwa. Akan ba mai irin ciwon, a ce ladan ya kai wa mamaci. Gwaggo ita ma hawan jini gare ta.

Ta ce, "Nawa ya ƙare tun makon jiya. Ciwonmu ɗaya da Baba, gadonsa na yi. Ke, yaya kike ba shi?"

Ɗakin cike da mata. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ɗaya daga nan, ɗaya daga nan, da safe."

Ta ƙulle ledar a bakin zani ta tafi.

Kwana biyu suka wuce. Na so in je in duba akwatin katuna, amma ruwan sama ya koro maza masu zaman makoki cikin zaure, tun safe har magariba a cike yake. Mace wucewa kawai take yi, kai a sunkuye. Ta yaya zan tsaya gaban dattawa ina jan aljihunan akwatin mamaci, ba a ma raba gado ba? Wayata kuwa, in na buɗe hoton kwalin sai in rufe. Ina tsoron abin da zan gani, kuma ko na gani ban san da me zan gwada shi ba.

Rana ta biyar Malama ta sake zuwa gaishe da Inna. Kafin ta fito na riga na ciro katin asibiti daga akwatin Inna, na ce wa Inna zan adana ne. Na bi Malama har bakin rariya, na riƙe gefen hijabinta. Na nuna mata hoton da katin kawai. Ta duba wannan, ta duba wancan, ta dubi fuskata. Ta juya ta ce wa Inna za ta tafi da ni makaranta in cike wata takarda.

Ban taɓa shiga laburaren a matsayin mai nema ba sai ranar. Ɗalibai suna zaune gaban kwamfutoci, wasu sun baza littattafai a tebur. Wata ta gane ni ta taso za ta yi mini gaisuwa, Malama ta ɗaga mata hannu. Ta zaunar da ni gaban na'ura ɗaya, ita ta tsaya a bayana.

Ta ce, "Ƙara girman hoton. Ƙasa. Can. Karanta mini."

Na karanta ƙaramin sunan.

Ta ce, "Rubuta shi."

Na rubuta. Ta je ta ɗauko wani ƙaton littafi sabon bugu, ta ce in nemo sunan da kaina. Na nemo. Sannan ta ajiye katin asibiti a tsakanin littafin da na'urar. Suna ɗaya ne a duka ukun. Ƙarfi ɗaya. Kwana tara ina ba kakana ninkin abin da likita ya rubuta. A ƙasan shafin an jera abin da ke faruwa in ya yi yawa: jiri, kumburin ƙafa, faɗuwar jini. Duk binciken bai ɗauke mu minti biyar ba.

Na ce, "Malama, ni na kashe shi?"

Ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "Ba zan ce miki e ba, ba zan ce miki a'a ba. Tsoho ne, zuciyarsa ta daɗe da gajiya. Abin da kika ba shi zai iya kawo jirin da ya kayar da shi. Zai iya yiwuwa kuma da ya faɗi ko ba shi. Babu littafin da ke ɗakin nan da zai raba miki wannan. Kwanansa yana hannun Allah, kuskurenki kuma naki ne, duka biyun gaskiya ne." Sai ta ce, "Ina sauran maganin?"

Da na gaya mata, sai ta miƙe tsaye. Ta ce, "Kira ta yanzu."

Na kira. Gwaggo ta ɗauka da wata murya ƙasa-ƙasa. Na ce kada ta ƙara shan na kwalin nan.

Ta ce, "Saboda me?"

Na ce, "Ba shi da kyau ne, Gwaggo."

Ta ce, "Abin da ubana ya sha har ya koma ga Allah ne ba shi da kyau? Ke, ba a fara karatun ba har kin fara yi mana likitanci? Ko wani kike so ki ba?" Ta kashe.

Na san Gwaggo. Ba magani take riƙe da shi ba, abin da hannun mahaifinta ya taɓa na ƙarshe take riƙewa. Ba za ta sake shi da rabin magana ba. Malama ta ce za ta iya kiranta da kanta, amma Gwaggo za ta tambayi yadda aka yi, kuma amsar ba a bakin Malama take ba. Ta kai ni tasha, ta sa ni a motar Sandamu, ta ce lallai a auna Gwaggo kafin rana ta faɗi.

Tafiyar ba nisa, amma ban san yadda muka isa ba. Gero ya yi kai a gonaki, mutanen mota suna ta maganar kyan damina. Ni ina jera kalmomi a raina suna rushewa. Sau biyu na ji kamar in ce direba ya sauke ni.

Na same ta zaune a tabarma a inuwar ɗaki, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu. Idona a kan ƙafafun ya fara sauka. Sun kumbura.

Ta ce, "Lafiya? Inna ce?"

Na ce Inna lafiya lau.

Ta ce, "Ni tun da na dawo jiri nake ji. Baƙin ciki ne, zai wuce."

Na durƙusa. Na fara daga ranar kamu. Na gaya mata tambayar da ya yi mini da amsar da na ba shi. Na gaya mata abin da na ce wa likita. Na gaya mata abin da muka gani a laburare, da abin da Malama ta ce, ban rage ba ban ƙara ba. Ina magana ina kallon tabarma.

Can ta ce, "Ya tambaye ki wuri biyu?"

Na ce, "E."

"Kika ce masa e."

"E, Gwaggo."

Sai ta yi kukan da ba ta yi ba a Daura. Ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna girgiza. Ban taɓa ta ba, ban ga ina da hurumin taɓa ta ba. Da ta ɗago, ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo ledar. Ta ciro kwalin ta ajiye a gabana. Ambulan ɗin kuwa ta juye ƙwayoyin a tafin hannuna, ta linke takardar, mai sunan Kaka a jiki, ta tura cikin rigarta.

Ta kama wuyan hannuna ta matse har na ji zafi. Ta ce, "Da kin yi shiru, ba wanda zai taɓa sani. Ni ma in na faɗi, cewa za a yi baƙin cikin Baba ne."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ban ce na yafe ba. Ba ni kika yi wa ƙarya ba, wanda kika yi wa kuma ba ya nan. Ki roƙi Allah." Ta sake ni. "Miƙo mini hijabi. Ki riƙe ni da kyau, ƙasa juyawa take yi."

A kafaɗata ta dogara har ƙaramin asibitin garinsu. Aka auna ta, aka ce ta kwanta, aka hana ta shan kowane magani sai ta ga likita. Ban dawo Daura ba sai da na kwana uku ina kula da ita.

Gwaggo ce ta gaya wa Inna. Inna ba ta ce mini komai ba har yau, sai dai jiya ta turo mini kwanon fura ba tare da ta dube ni ba. Baffa ya koma fatauci tun bayan sadakar bakwai, ranar Juma'a ake sa ransa. Gwaggo ta ce shi ni zan gaya wa da bakina, ita za ta tsaya a bayana. Wannan rubutun nawa ba zai je hannun Malama ba sai Baffa ya ji. Makaranta kuma ban sani ba ko zan iya riƙe ƙwayar magani in miƙa wa ɗan wani.

Ɗazu da azahar Gwaggo ta kira. Ta ce kumburin ya sace, har ta taka zuwa gidan maƙwabta ta dawo ba jiri. Sannan ta hau ni da faɗa a kan wata tukunya da na bari ban wanke ba. Na tsaya riƙe da wayar ina sauraron faɗan, ba na son ta gama.

Ku da kuka zauna a zaurensa, ya kore ku, ya hana ku aro, ya ba ku caji, ku sa shi a addu'a. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haskaka masa shi, Ya sa duk wani mara lafiya da ya warke ta hannun ɗalibansa ya zama nauyi a mizaninsa. In kun gama tasa, ku ƙara da tawa.